Dankali ba ya shiga inji

Kai yaro, ajiye wayar nan tukuna. Ka tambaye ni da me ya fi dacewa a haɗa dakakken dankalin Turawa, kabewa ko karas ko makani, sannan ka ƙara da cewa wai me zai hana a kai shi injin markaɗe a huta da taɓarya. Ta farkon ko a tsaye sai in amsa maka. Ta biyun ce ta sa na ce ka zauna, don ka fama mini gyambon da har yau bai warke ba.

Ni a Bukuru na koyi aikin nan, a gidan wani Baturen kuza, ina ɗan shekara 15. Can ne gidan dankali. Wanda kake gani ana saukewa a 'Yankaba, yawancinsa daga Bokkos da Mangu aka ɗauko shi, ƙasar sanyi. Shekara biyu na yi ina feraya kafin a bar ni in buɗe murfin tukunya. Ku kuwa wata uku da zuwa sai ku fara kawo wa mutum shawara daga waya.

Kabewa ce ta fi, ba na jayayya da kowa a kan wannan. Dankali kashi uku, kabewa kashi ɗaya. Amma ba ɗanyar kabewar da aka tsinko jiya ba. Ka nemi wadda ta sha hunturu a kan rufin ɗaki, bayanta ya yi tauri, cikinta ja. Kuma turara ta za ka yi a madambaci, don ita da kanta ruwa ce, in ka tsoma ta a wani ruwan kunu za ka sauke. Karas yana ba da kala da ɗan zaƙi, sai dai taurin kai gare shi: tukunyarsa daban, shi za ka fara dakawa ya yi laushi kafin dankali ya same shi, in ba haka ba mai ci ya riƙa cin karo da tsakuwa. Dankalin Hausa yara na so, ni zaƙinsa ya yi mini yawa sai an karya shi da citta da yaji. Makani kuwa ba na kai shi taro. Yauƙi gare shi, kuma guda ɗaya ya ƙi nuna, sai maƙogwaron baƙo ya kama ƙaiƙayi, sunanka ne zai ɓaci. In don cikina ne, a soya mini lawashi a man shanu, a juye a kan dankalin da zafinsa, a barbaɗa masoro. Shi ke nan. Kada ma ka ɗauka wani sabon abu Turawa suka kawo. Iyayenmu mata suna daka rogo da ƙuli-ƙuli su yi mandaƙo tun ba a haifi kakanka ba.

Feraya da gishiri da sanin ya nuna, ba zan ɓata bakina ba. Wanda bai san wannan ba ya koma kiwon awaki.

To, inji.

Farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, da mutum zai wuni a layin banki ya dawo hannu rabbana, wani Alhaji daga wani gari nan gaba da Ringim ya aiko a kira ni. Zai aurar da 'yarsa, surukan daga Abuja, angon wai a Ingila ya yi karatu. Abincin mutum 300, shinkafa da naman sa da kaji, sannan lallai a yi dakakken dankali don manyan baƙi su san shi ma ya waye. Muka yi ciniki, ya tura mini rabi kafin alƙalami, ciko sai an tashi. Ba takarda, ba shaida, don muna sallar Juma'a a masallaci ɗaya. Kuɗin nan sai da na bi masu POS ina ciro su da ɗan karen tsada, saboda mai itace da mai kabewa ba ruwansu da taransifa. Buhu biyu na dankali na saya, ni da kaina na zazzage su na tsince masu kore, don koren nan ɗaci ne kuma yana ɓata ciki.

Ranar biki komai ya tafi daidai har azahar. Dankali ya nuna, kabewa ta turaru, ƙamshi har bakin titi. Sai aka ce mini tukunyar nama tana neman kamawa. Akwai wani yaro da ya riga ka a wurina, mai ƙarfi kamar ingarma, amma son jiki ya yi masa katutu. Na ce masa: ka tsane shi a kwando, ka bari tururin ya fita ya bushe, sannan ka daka da zafinsa, kaɗan-kaɗan, da ya murƙushe ka tsaya. Sau biyu na faɗa. Ya ce "to, Maigida."

Ashe ya ga wata mata a waya tana zuba dankali a bilenda. Ya dubi buhu biyu, ya dubi taɓarya, ya ga wahala. Sai ya loda a bokitai, ya ɗora a baro, ya nufi injin markaɗen bakin kasuwa. Mai inji kuma abin da ya saba da kayan miya shi ya yi: yana turawa yana bin sa da ruwa.

Da na dawo na buɗe bokitin farko, sai na ga abu yana sheƙi. Na tsoma ludayi na ɗaga, ya biyo ni yana zare kamar danƙo, har tsayin kamu bai tsinke ba. Wallahi ƙafafuna sai da suka yi sanyi. Ka san sitacin da mai wanki ke sa wa shadda? Irinsa ne cike da cikin dankali, a ƙunshe cikin 'yan ƙwayoyin da ido ba ya gani. Taɓarya a hankali raba su take yi, shi ya sa yake tashi da laushi kamar auduga. Inji kuwa fasa su yake gaba ɗaya, sitacin ya fito ya haɗu da ruwa ya kama. Doya ce ake nema ta yi danƙo a sakwara, dankali in ya yi haka ya mutu, ba mai tashinsa. Na gwada madarar gari, na gwada man shanu galan guda, asara a kan asara. Ga shi kuma yana ɗan warin waken ƙosan da aka markaɗa kafin shi. La'asar ta kawo kai, ba a fafe gora ranar tafiya.

Na je na sami Alhaji a gefe na faɗa masa gaskiya. Na ce laifin yarona laifina ne, a cire kuɗin dankali da kabewa daga cikona. Ya dafa kafaɗata ya ce ba komai, Allah ya kiyaye gaba, gobe zai tura. Shinkafa da nama da kaji aka cinye tas, har ƙanzo sai da yara suka kankare.

Gobe ta yi, wai babu natwok. Jibi, wai banki ya riƙe. Ranar kwana takwas na je har ƙofar gidansa, ya bar ni a zaure tun hantsi har aka kira azahar, sannan ya fito yana saƙace haƙori ya ce na kunyata shi a gaban surukai, ko sisi ba zai ƙara ba. Naira dubu 240! Kuɗin dankalin bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na wannan ba. Na kai ƙara wurin mai gari, ya tambaye ni takarda, na ce babu, ya ce in yi haƙuri in bar wa Allah. Raguna biyu da nake turkawa don Babbar Sallah su na sayar na biya mahauci.

Abin da ya fi ƙona mini rai daga baya na ji shi. Bokitan nan da na bari a tsakar gida, uwargidansa ta sa aka zuba musu fulawa da ƙwai, aka soya a daren, aka raba wa mata washegari har ana santi. Ka ji fa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Har yau in mun haɗu ranar Juma'a shi yake fara miƙo mini hannu, ina amsawa don Allah ya ce a amsa. Yaron kuwa na ji yana jan A Daidaita Sahu a Kano, can ya fi dacewa da shi, tunda inji yake so.

Tashi ka ɗauko turmi, sabon nan, ba wanda aka daka daddawa a ciki ba. Ka fasa kabewar can ka kawo mini in ga cikinta kafin ka ɗora. Wayar kuma bar ta nan kusa da ni.