Ma'anar "dry fire" a harbin baka

Malam, ka ce ka ga "never dry fire" a takardar bakan da ka saya, kana neman ma'anarsa. "Dry fire" shi ne ka ja tsarkiya ka sake ta ba tare da ka ɗana kibiya ba, wato harbin wofi. Masu bindiga ma haka suke cewa idan an danna kunama babu harsashi. Gargaɗin na nufin kada ka kuskura, ko da gwaji ne.

Ƙarfin da ka tara wajen ja, kibiya ce ke tafiya da shi. In babu ita, sai ya koma jikin bakan, reshe, wato ɓangaren bakan da ke lanƙwasawa, ya tsage ko tsarkiya ta tsinke ta zabge ka a fuska. Kibiya maras nauyi ma kusan haka take yi. Bakan da ƙarfin jansa ya kai laba 60 kada nauyin kibiyarsa ya gaza kimanin giram 20. In har harbin wofin ya riga ya faru, don Allah kada ka sake ja. Shafa auduga a jikin rassan tukuna, duk inda zarenta ya maƙale akwai tsaga a wurin, sai ka kai wa mai gyara.