Tsadar ƙananan kwalejoji masu zaman kansu a Amurka

Malam, ka tambaya ko ya dace ɗanka ya shiga kwaleji irin Amherst ko Williams, alhali kuɗin shekara guda, haɗe da masauki da abinci, ya haura dala 80,000. Ɗalibai da yawa ba sa biyan wannan adadi. Amherst da Bowdoin, wata kwaleji irinta, ba sa duba ƙarfin aljihun mai neman gurbi, ko da ɗan wata ƙasa ne, kuma suna cike giɓin da ke tsakanin kuɗin makaranta da abin da bayanan kuɗin iyali suka nuna za su iya biya. Ka jira takardar tallafin kuɗi da kwalejin za ta aiko, ka bambanta kyauta da bashi. A ganina ƙananan azuzuwa da kusanci da malamai sun cancanci kuɗi, amma ba bashi mai nauyi ba, musamman idan injiniyanci yake so, domin yawancin waɗannan kwalejoji ba sa koyar da shi.