Dutse ya riga takarda isa ƙasa, yaya zan yi da ɗalibaina?

Tambaya: Ina koyar da fiziks a sakandare. Na gaya wa ɗalibaina cewa abu mai nauyi da marar nauyi tare suke isa ƙasa, sai wata yarinya ta saki dutse da takarda, dutsen ya riga. Aji ya kwashe da dariya. Ba mu da bututun nan da ake zuƙe wa iska. Ina mafita?

Amsa: Malam, yarinyar nan ta kyauta maka, domin ta fito da sharaɗin da ka tsallake: sai in babu iska. Ka mayar da gardamar tata darasi.

Yago takardu biyu daga littafi ɗaya. Dunƙule ɗaya, ka bar ɗaya a shimfiɗe, ka sake su tare. Dunƙulalliyar za ta riga. Nauyinsu ɗaya, to me ya raba su? Kada ka yi saurin ba da amsa, bar su su yi ta musu har wani ya ambaci iska. Daga nan ka ɗora shimfiɗaɗɗiyar a kan littafin da ya fi ta faɗi, ka saki. Tare za su dira, saboda littafin ya tare mata iskar. Ni a ganina wannan ya fi bututun ma, tunda kowane yaro zai iya maimaitawa a gida.

Wajen auna g kuwa, wato yadda saurin abu ke ƙaruwa yayin da yake faɗuwa, agogon hannu zai ba ka kunya. Dutsen da aka saki daga tsayin mita 2 yana isa ƙasa cikin daƙiƙa 0.64, ɗan'adam kuma kafin ya latsa maɓalli ya ci kusan 0.2. Ku ɗauki bidiyo da waya. Yawancin wayoyi hoto 30 suke ɗauka a daƙiƙa, ke nan faɗuwar za ta cinye hoto kamar 19. Su ƙirga, su raba da 30 don samun lokacin, su sa a h = ½gt², inda h ke nufin tsayi, t kuma lokaci. In sun samu abin da ya kusanci 9.8, aiki ya yi.

Labarin cewa masanin kimiyya Galileo ya saki abu mai nauyi da marar nauyi daga hasumiyar Pisa a Italiya, masana tarihi suna shakkarsa, don haka kada ka jingina da shi. Nuna musu bidiyon ɗan sama jannati David Scott na 1971, lokacin tafiyar Apollo 15, inda ya saki guduma da gashin tsuntsu a duniyar wata, wadda ba ta da iska, suka taɓa ƙasa tare. Ka sa yarinyar nan ta zauna a gaba.