Filin Tambaya da Amsa: Zuciyata Ta Yi Sanyi, Ina Zan Samo Marmarin Allah?

Tambaya: Baba Fasto, ina gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ni mai ɗinki ce a Marwa ta ƙasar Kamaru, ina da aure da yara huɗu, kuma ina cikin zumuntar mata da ƙungiyar mawaƙa. Lokacin da aka yi mini baftisma ina budurwa, nakan tashi da dare in yi addu'a har da hawaye, ba na ƙoshi da karatun Littafi Mai Tsarki. Yanzu ba na fashin sujada, amma in na durƙusa sai hankalina ya tafi ga ɗinkin da ban gama ba da kuɗin makarantar yara. Ina jin kunyar faɗa wa kowa, domin ana ganina a matsayin mai himma. Shin Allah ya rabu da ni ne? Ta yaya zan koma ina marmarinsa da zuciya ɗaya? Daga wata 'yar'uwa a Marwa.

Amsa: 'Yata, alheri da salama su tabbata a gare ki. Mata da maza da yawa a majami'unmu, daga Gaundare har Kusiri, suna ɗauke da wannan damuwa a ɓoye, har da wasu daga cikin masu hawa bagade su yi wa'azi. Allah bai rabu da ke ba, kuma wasiƙarki ce hujjata, domin wanda zuciyarsa ta mutu ba ya damuwa da sanyinta, balle ya zauna bayan wahalar yini ya rubuta yana neman hanyar komawa. Ciwon nan da kike ji shi kansa marmari ne, ko da yake bai zo da daɗin da kika sani a ƙuruciya ba.

Ki buɗe Zabura 42 ki karanta ta har ƙarshe. Yawancinmu mun haddace farkonta, inda mai zabura ya ce ransa yana marmarin Allah kamar yadda barewa take marmarin ruwa, sai mu tsaya a nan. Amma in kin ci gaba za ki ji yana cewa hawaye ne abincinsa dare da rana, mutane suna tambayarsa ina Allahnsa yake, yana kuma tuna kwanakin da yake tafiya da taron jama'a zuwa ɗakin Allah ana ta waƙoƙin yabo. Zaburar ta 'ya'yan Kora ce, mawaƙan haikali, wato ma'aikata irinki. Haka ma Zabura 63, Dawuda yana jejin Yahuza ne lokacin da ya ce ransa yana ƙishin Allah a busasshiyar ƙasa. Kalmomin marmari mafi zafi da muke da su an rubuta su ne a lokacin fari.

Ke 'yar Marwa ce, kin san yadda kogin Mayo Kaliyawo yake zama a watan Maris da Afrilu, yashi tsantsa har yara suna buga ƙwallo a tsakiyarsa. Duk da haka akan shiga da ƙwarya a haƙa rami, a ɗan jira, ruwa ya tsattsafo a hankali. Mai haƙan ba ita ta zuba ruwan ba, amma da ta tsaya a gaɓa tana jiran damina da ta koma gida da tulu wayam. Marmarin Allah kyauta ce ta Ruhu Mai Tsarki, ba ki da ikon ƙirƙirarsa da matse ido ko ɗaga murya. Abin da yake hannunki shi ne ki riƙa zuwa inda ya yi alkawarin saduwa da ke, wato Maganarsa, addu'a, Jibin Ubangiji da zumuntar masu bi, ko kin ji wani abu ko ba ki ji ba.

Markus 1:35 ya nuna Yesu ya tashi da asuba tun da sauran duhu, ya tafi inda ba kowa ya yi addu'a, bayan ya yini yana warkar da marasa lafiya. A garinku kiran sallar asuba yana tashin kowa, maƙwabtanki Musulmi kuma suna barin shimfiɗa saboda ibadarsu, abin da ya kamata ya zama mana ƙalubale. Kafin ki hura wuta, kafin ki taɓa waya ki leƙa WhatsApp, ki ɗauki zabura ɗaya ki karanta a fili da harshen da zuciyarki ta fi ji, ko Hausa ne, ko Fulatanci, ko yaren gidanku. In hankalinki ya gudu zuwa kuɗin makaranta, kada ki yi kokawa da shi. Ki ambaci sunan yaron da adadin sefar da ake binki a gaban Allah, domin abin da ya dame ki shi ne addu'arki ta wannan safiya. Minti goma na gaskiya kowace rana ya fi alkawarin awa biyu da za ki karya kafin Lahadi.

Yanzu zan faɗa miki abin da ya fi wuyar ji. Wani lokaci sanyin zuciya yana da dalilin da mutum ya sani amma ba ya son dubawa. Ikkilisiyar Afisa, a Wahayin Yahaya sura 2, an yabe ta saboda aiki da jimiri, sannan aka ce ta bar ƙaunarta ta farko, aka umarce ta ta tuna, ta tuba, ta koma ga ayyukan da ta fara da su. Ki tambayi kanki tsakaninki da Allah ko akwai wata a zumuntar mata da kuka daina gaisawa, ko akwai bashin adashe da kike kauce wa, ko kuma kina karɓar atamfar mutane gab da Kirsimeti ki ba su ranar da kin san ba za ki cika ba. Muna raina irin waɗannan, amma su ne suke raba zuciya biyu, kuma Yesu ya ce mai kawo baiko da ya tuna ɗan'uwansa yana da magana a kansa ya ajiye baikon ya je su shirya tukuna. In kin bincika ba ki ga komai ba, kada ki ƙirƙiro wa kanki laifi. Wataƙila gajiya ce kawai. Da annabi Iliya ya kwanta a jeji yana roƙon mutuwa, a 1 Sarakuna 19, mala'ika bai yi masa faɗa ba, abinci da ruwa ya ba shi, ya bar shi ya sake barci. Uwar yara huɗu da take taka keke har dare, ga koyon waƙa, ga taron mata, tana iya ajiye hidima ɗaya na ɗan lokaci ba tare da ta yi zunubi ba.

Ba kuma na so ki ɗauka cewa ƙuruciya ce kaɗai lokacin zafin ƙauna. Kusa da ku, a Tokombere, har yau ana tunawa da Baba Simon Mpeke, firist na Katolika da aka haifa a 1906. Ya haura shekara 50 lokacin da ya bar babbar ikkilisiya a Duwala a 1959 ya zo ya zauna cikin mutanen duwatsu, yana yawo ba takalmi, yana hidima har zuwa shekarar da ya rasu, 1975. Ƙaunar da ta ɗauke shi ta riga ta sha rana da ruwa, kuma irinta nake roƙa miki.

Kunyar nan kuma ki karya ta. Ki sami matar fasto ko wata dattijiya mai riƙon asiri ki faɗa mata abin da kika faɗa mini, ku riƙa addu'a tare sau ɗaya a mako. Kada ki janye daga Jibin Ubangiji don kina jin ba ki cancanta ba, gama masu yunwa aka shirya wa teburin.

Tambaya: Baba, ni saurayi ne a Garwa. Abokaina sun ce azumin kwana uku ba ci ba sha shi ne yake kawo ƙishin Allah. Gaskiya ne?

Amsa: Ɗana, azumi abu ne mai kyau, Yesu ma ya yi magana a kansa a Matiyu 6, inda ya ce a yi shi a ɓoye, a wanke fuska, kada a nuna wa mutane. Amma ba a sayen Allah da yunwa, kuma a zafin Garwa da yake wuce digiri 40 a bazara, kwana uku ba ruwa yana iya kai mutum asibiti, musamman mai ciwon suga ko gyambon ciki. Ka fara da barin abincin rana sau ɗaya a mako, ka sha ruwa, ka ba wannan lokacin ga karatu da addu'a, kuɗin abincin kuma ka miƙa wa wani mabukaci kamar yadda Ishaya 58 ya koyar. In kana so ka ƙara a kan haka, ka shawarci dattawan ikkilisiyarku tukuna.