Amsar tambayar Alhaji kan ɗaga janareta da hayab

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Alhaji, na saurari muryarka. Ka ce janareta ce mai tan 2 da rabi, kana so a tsallakar da ita katanga a ajiye a kan dakalin da aka zuba mata, daga inda mota za ta tsaya zuwa dakalin kamar mita 6 ne, kuma mai hayab, wato motar kaya mai kiren a jikinta, ya ce tasa tan 5 take ɗauka, babu matsala. To ranka ya daɗe, akwai matsala. Kar a fara tukuna.

Tan 5 ɗin nan da ya faɗa, a gindin mota ne, hannun kiren a naɗe, kaya bai wuce mita 2 daga ginshiƙin kiren ba. Ana miƙa hannu ƙarfi na raguwa. Kamar bokitin ruwa ne, ka riƙe shi a jikinka ba komai, ka miƙe hannu da shi ka ji yadda kafaɗa take yi. Lissafin shi ne nauyi sau nisa. Tan 5 sau mita 2, goma ke nan. Raba goma da mita 4, tan 2 da rabi. Raba da mita 6, tan 1 da kilo ɗari shida da 'yan kai, kuma a zahiri bai ma kai haka ba, don hannun kansa yana da nauyi. Ka ga janaretarka ta fi ƙarfinsa a wannan nisan nesa ba kusa ba. Ko dai motar ta matso, ko a nemo babba.

Akwai jadawali manne a jikin kiren, kusa da libobin da ake sarrafa shi, yana nuna kilo nawa a mita nawa. Shi za a duba, ba bakin direba ba. Nisan kuma daga tsakiyar ginshiƙin da ke juyawa ake auna shi zuwa tsakiyar inda kaya zai sauka, ba daga gefen bodi ba. A sa tef a auna. Ido yana rage mita guda cikin sauƙi, mita gudan nan kuwa ita ke kifar da mota.

Sannan nauyin. Abin da ke rubuce a farantin janareta sau da yawa nauyinta ne babu mai. Lita ɗaya ta dizal kusan kilo 0.84 ce, in akwai lita 400 a tankin ƙasa an ƙara kusan kilo 340 ke nan. A zuƙe man kafin a ɗaga. A ƙara nauyin sarƙa da shakul (lanƙwasasshen ƙarfe mai fil da ake haɗa ɗauri da shi) a lissafi, kuma kar a yi aiki a bakin iyakar jadawali, a bar rara.

Yauwa, ƙasa. Nan ne mutane suka fi sakaci. Ƙafafun ƙarfen nan biyu da ke tokare motar a zaro su har ƙarshe, dama da hagu, ba rabi ba, ko da gefe ɗaya za a yi aiki. A ja birkin hannu, a sa wa tayoyi waigi. A irin wannan motar ba a ɗaga tayoyi sama, ƙafa tana tokarewa ne kawai, taya na nan daram a ƙasa, mota kuma ta daidaita, kar ta karkata. Ƙarƙashin kowace ƙafa a shimfiɗa katako mai kauri da faɗi. Ban da bulo, don Allah ban da bulo, farfashewa yake yi lokaci guda ba tare da ya ba da alama ba. Kuma Alhaji ka tambayi masu gidan ina sokawe take, ina aka binne bututu, ina aka cike rami kwanan nan. Murfin sokawe ko na kwata ba ya ɗaukar ƙafar kiren. In akwai rami a kusa, a ja baya aƙalla gwargwadon zurfinsa, in ƙasar ta sha ruwa a ninka.

Kafin a miƙa hannu a ɗaga kai sama. Wayar wuta mai 11 ko 33 kV (volt dubu 11 ko dubu 33) ba sai an taɓa ta ba, wuta na tsallakowa. Mita 3 shi ne mafi ƙaranci, in ba a san ƙarfin layin ba a bar mita 6, in wurin ya matse a je ofishin wuta su kashe layin. Kar wani ya ce ai an ɗauke wuta, ana iya kawowa kowane lokaci. Mai hayab a ƙasa yake tsaye, hannunsa a kan ƙarfe, shi wutar za ta fara bi. In ta faru, kowa ya nisanci motar, kar a ruga a taɓa shi ko kayan.

Ɗauri kuma. Janareta ana kama ta ne ta ramukan da aka yi a firam ɗin ƙasa, ko kunnen tsakiya in kamfani ya nuna na ɗaukar duka ne. Ƙananan kunnuwan da ke kan injin na ciro injin ne kaɗai, ba sa ɗaukar saitin gaba ɗaya. Bel yana da launi: kore tan 2, ruwan ɗorawa tan 3, ruwan toka tan 4, ja tan 5, amma a karanta tambarin da ke ɗinke a jiki. Wanda ya yanke, ko ya ƙone, ko aka ƙulla shi, a ajiye shi gefe. Abin da mutane ba su lura da shi ba shi ne buɗewar bel. In tsakanin wuraren kamawa mita 2 ne, kowane bel kar ya gaza mita 2, a haka, in bel biyu ne, kowanne na ɗauke da kusan kilo 1,450 na tan 2 da rabin nan. In bel ya gajarta ya kwanta sosai, nauyin da zai hau kan kowanne shi kaɗai zai iya kai tan 2 da rabin cif, ga shi zai matse rufin janaretar ya lanƙwasa. Shi ya sa ake sa ƙarfen raba bel a sama. A sa tsohuwar taya ko roba a duk kusurwa mai kaifi. Ƙugiya ta kasance da harshenta mai rufewa, shakul kuma da fil ɗinsa na asali, ba wata ƙusa da aka tsinto ba.

Ƙugiya ta tsaya daidai saman tsakiyar nauyin, in ba haka ba kaya na barin ƙasa zai yi lilo. A ɗaga taƙi ɗaya kawai, a tsaya. A duba ko ya karkata, ko ƙafa na nutsewa, ko hannu na saukowa da kansa. In akwai ɗaya daga ciki a sauke a gyara. Juyawa a hankali, ba fizga, ba tsayawa kwatsam. A ɗaura doguwar igiya a jikin kayan a riƙa saita shi daga nesa, kar a sa hannu, kar kowa ya shiga ƙarƙashi ko tsakanin kaya da katanga. Tunda katanga za ta tare wa direba gani, mutum ɗaya tak zai ba shi alama, amma kowa na da ikon cewa a tsaya. A kori yara daga wurin tun da wuri. In hadari ya taso da iska a sauke kaya a jira.

In kiren ya yanke da kansa ya ƙi miƙawa, na'urar kariya ce ta ce nauyi ya yi yawa. Wasu na cire ta ko su ƙara wa bawul ƙarfi. Ka ga an ɗauko sifana za a yi haka, ka dakatar da aikin. Tiyon haidirolik mai yoyo kuma ba a laluben sa da hannu, man na huda fata, da kwali ake nema.

Alhaji ka turo hoton farantin janaretar da hoton jadawalin motar, da awon tef daga inda za ta tsaya zuwa tsakiyar dakalin, har da tsayin katangar. Da su za a san girman motar da za ka kira. Wassalam.