Kawu, ga dalilin da ya sa katafila ke jiran kifi

Kawu, saƙonku ya iso, kuma na ji daɗin tambayar, don daga bakin masunci ta fito. Kun ce an gaya muku a nan Kanada ruwa ya ci gidajen mutane amma hukuma ta hana a gyara bakin kogi don kada a taɓa kifi, har kuke tambaya ko mutanen nan sun fifita kifi a kan ɗan Adam ne. Wanda ya ba ku labarin ya kawo rabi ya bar rabi. Na daɗe zaune a kwarin kogin Fraser, a lardin Birtish Kolombiya, a nan aka haifi yarana, kuma ambaliyar da ake magana a kan idona aka yi ta.

A tsakiyar watan Nuwamba na 2021 ne aka kwana biyu ana tafka ruwa kamar da bakin ƙwarya. Garin Merritt, mai mutum wajen 7,000, rana ɗaya aka kwashe shi kaf, saboda kogin Coldwater ya shiga gari. Nan kusa da mu kuma kogin Nooksack na cikin Amurka ya tumbatsa, ya gangaro arewa ya tsallako iyaka, jinga ta karye, fadamar Sumas da ke Abbotsford ta koma tabki. Kaji sama da 600,000 suka mutu, da aladu kimanin 12,000, da shanun madara sama da 400. Manyan hanyoyin da suka haɗa Bankuba, babban birnin bakin teku na lardin, da sauran ƙasar duk suka yanke.

A waɗannan kwanakin ba wanda ya tsaya jiran kifi. Mutanen gari suka kwana suna jera buhunan yashi kewaye da tashar injinan zuƙe ruwa ta Barrowtown, aka kawo sojoji, katafila ta shiga ruwa ta toshe inda jinga ta ɓalle. Babbar hanyar Coquihalla, wadda ta lalace a wurare sama da ashirin, ran 20 ga Disamba aka buɗe ta ga manyan motoci. Rai shi ne gaba, a nan ma haka ne. Maganar kifi tana tasowa ne bayan an tsira, lokacin da aka zauna za a yi gini na dindindin.

Sai kun san halin salmon, kifin da ake karewa a kogunan nan, za ku ga dalili, don ba kamar tarwaɗarmu yake ba. A ƙaramin rafi mai sanyi ake ƙyanƙyashe shi, ya sauka teku ya yi shekara ɗaya zuwa huɗu ko fiye, gwargwadon irinsa, sannan ya juyo ya hau kogi yana faɗa da igiyar ruwa, ba ci ba sha, har ya dawo rafin da aka haife shi. Macen ta kwanta ta gefe tana kaɗa wutsiya har ta tona rami a cikin tsakuwa, ta zuba ƙwai, namijin ya barbare su, ta rufe da tsakuwa. Bayan 'yan kwanaki dukansu su mutu. Ƙwan yana nan binne duk tsawon hunturu, ruwa na ratsa tsakanin tsakuwar yana kai masa iska. Idan laka ta toshe tsakuwar, ƙwan ya shaƙe. Idan katafila ta bi ta kai, shi ke nan, an kashe zuriyar rafin ta wannan shekara, kuma ba za a gane ba sai bayan shekaru, ranar da aka jira kifi bai zo ba. Ambaliyar ta faɗo ne daidai lokacin da ƙwai ke cikin ƙasa, ta kwashe wasu ta binne wasu. Shi ya sa mutane suka ce abin da ruwa ya rage kada mu ƙarasa shi da hannunmu.

Don haka dokar kamun kifi ta ƙasar ta hana a lalata mazaunin kifi ba da izini ba, kuma aikin cikin rafi yana da lokacinsa. A yankinmu yawanci ƙarshen bazararsu ne, wajen Agusta zuwa tsakiyar Satumba, bayan 'ya'yan kifi sun fito daga tsakuwa kuma kafin iyaye su dawo. Na tsaya na kalli yadda ake sauya kwalbati a wani rafi bayan unguwarmu. Kafin injin ya motsa, sai da aka datse sama da ƙasa da raga, wasu matasa sanye da dogayen takalman roba suka bi ruwan da 'yan komaye suna kwashe 'ya'yan kifi, kowanne bai wuce tsawon yatsa ba, suna zubawa a bokiti suna kaiwa gaba su saki. Sabon kwalbatin kuma faɗinsa ya kai na rafin, aka shimfiɗa tsakuwa a cikinsa don kifi ya wuce kamar ba a yi komai ba. Da suka gama sai suka kafa manyan kututture da saiwoyinsu a gaɓa, suka dasa itatuwa. Ni da farko shara na ɗauke su. Ashe a bayan kututturen ne ruwa ke lafawa, ƙananan kifi su samu maɓoya, inuwar itatuwan kuma ta hana ruwan zafi.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina, Kawu, shi ne maganar jinga. Idan aka matse kogi da jinga da duwatsu hagu da dama, ruwan gudu yake ƙarawa, ya je ya fashe a kan na ƙasa. Kuma ƙofofin ruwa da injinan da aka kafa tun da daɗewa sun raba kifi da ƙananan rafuka, har masu bincike sun ƙiyasta sama da kilomita 1,500 na ruwan da aka toshe a ƙasan Fraser kaɗai. Tsofaffin injinan ma yanka kifi suke yi idan ya bi ta cikinsu. Shi ya sa ake ta kira a ja jinga baya a bar wa kogi fili, a sa injin da kifi ke fita da rai. Filin da kogi zai baje idan ya cika shi ne dai inda ɗan kifi ke kiwo, kuma shi ne ke rage wa gari nauyin ruwa.

Ba kowa ya yarda ba, kuma ba na ganin laifin waɗanda suka ƙi. Manomin da ya ga shanunsa cikin ruwa har wuya, in ka ce masa ya jira Agusta, ko ya ba da gonar da ya gada, dole ransa ya ɓaci. Da yawa so suke a ɗaga jinga a yashe kogi kawai. Sai dai fadamar Sumas ɗin nan asalinta tabki ce. A shekarun 1920 aka zuƙe ta aka mai da ita gonaki, ba tare da yardar mutanen Semá:th ba, 'yan asalin wurin, waɗanda cinsu da shansu ya dogara da tabkin. Su ɓangare ne na al'ummar Stó:lō, ma'anar sunan kuwa mutanen kogi. Har yau idan kifin farko na shekara ya zo sukan taru a raba shi kowa ya ɗanɗana, a mai da ƙasusuwan cikin ruwa don girmamawa. Kotun ƙolin Kanada ma a 1990 ta tabbatar da cewa bayan kare kifin kansa, haƙƙin 'yan asali na kamawa don ci da al'ada shi ke gaba da na kowa. Yanzu akwai masu cewa a bar wani ɓangare na tabkin ya dawo. A ganina ruwa ba ya manta hanyarsa, amma duk wanda za a tasa daga gonarsa sai an biya shi har ya gamsu.

Mu 'yan tsirarun Hausawa da ke nan mun shiga wannan tarbiyya ne ta hannun 'ya'yanmu. A makarantar firamare ake kawo musu ƙwan salmon cikin akwatin gilashi mai sanyi, su yi ta lura da shi har ya ƙyanƙyashe, da bazara a kai su bakin rafi kowa ya saki nasa daga cikin kofi. A bakin magudanan ruwa na titi kuma akwai zanen kifi da rawayan fenti, alamar duk abin da ka zuba nan rafi zai tafi kai tsaye. Ranar da na ɗauko ruwan sabulun wankin mota zan juye a wurin, 'yar autata ce ta riƙe mini hannu, idonta ya cika da ƙwalla, ta ce kifinta yana can ƙasa. Tun ranar ban sake ba.

Kuma ai ba baƙon abu ba ne a wurinku. Ku kuka ba ni labarin yadda tarwaɗa ke bin sabon ruwa ta shiga ciyawar fadama ta yi ƙwai, da yadda su ya ja baya a Hadeja da Nguru bayan an gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwan da ke baje fadama ya ragu, kachala ta toshe hanyoyi. A Argungu ma Sarkin Ruwa ba ya bari a jefa koma a Matan Fada sai lokaci ya yi, kuma ba wanda ya taɓa cewa Kabawa sun fifita kifi a kan mutum.

Ina so in ji daga gare ku yadda aka yi da jingar garinmu bayan ruwan bana, ko an bar wa ruwa mashiga zuwa fadama ko an toshe duka. A gaida Inna da yara, da duk mutanen bakin ruwa.