Haƙuri, jimiri da bege: me za a faɗa wa mai wahala?

Tambaya daga wata 'yar Zumuntar Mata a Kafanchan: Malam, idan muka je gai da 'yan'uwa da aka yi wa rashi ko aka raba da gidajensu, ba ma wuce "sai haƙuri", ni kuwa ina jin kalmar ta yi kaɗan. Fasto kuma yakan ce mu riƙe bege. Mene ne bege, kuma wane karin magana ya dace?

Mama, sannu da ƙoƙari. Haƙuri ba ƙaramar kalma ba ce, yawan faɗa ne ya sa ta yi sanyi a kunne. Da ita ake ba wanda aka taka wa ƙafa baki, da ita ake ta'aziyya, har mai bin bashi da ita ake sallamarsa. Shi ya sa wanda aka ƙona wa rumbu yakan ji kamar an ce masa ya yi shiru. Kusa da ita akwai jimiri da dauriya. Mai jimiri yana ɗauke da kayan, yana jin nauyinsu, amma bai fasa tafiya ba. Wannan ne abin da Bulus yake nufi a Romawa 5:3-4, inda ya nuna wahala tana haifar da jimiri, daga nan har a kai ga bege.

Bege kuwa, a bakin Bahaushe, shauƙi ne da kewar wanda ake ƙauna alhali ba ya kusa, kamar uwa mai begen ɗanta da ya yi tafiya. Tun da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, masu bi suka saba da kalmar a ma'anar jiran alkawarin Allah, wasu fassarorin kuma suna cewa "sa zuciya". Ni na fi son bege, domin akwai ƙauna a cikinta. Ana sa zuciya ga albashi ko damina mai kyau, amma ba a begen wanda ba a sani ba. Idan kin ce wa gwauruwa ta riƙe bege, kina tuna mata ne cewa ta san Wanda take jira.

Game da karin magana, "komai nisan dare gari zai waye" ya dace, don bai musanta duhun ba. "Mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa" na wanda ya daɗe yana fama ne. Amma "wuya ba ta kisa", roƙona kada a faɗe shi a gidan makoki. Mutanen gidan sun ga inda ta kashe.

Wanda ya fi shafar ku masu ziyara shi ne "zumunta a ƙafa take". Abokan Ayuba sun zauna da shi kwana 7 ba su ce uffan ba, sai da suka fara bayani ne suka ƙara masa ciwo. Ku je da hatsi ko ɗan sabulu, ku zauna, ku bar mai gida ya fara magana, sannan ku nemi izini ku yi addu'a.